Dukiyar Da Mabuɗinta Ya Bi Mai Ita Kabari

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ba bayinSa dukiya a bisa aro, Ya kuma ajiye ranar da zai tambaye su inda suka samo ta da yadda suka riƙe ta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, wanda mutanen Makka suka yi wa laƙabi da Amintacce tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a cikin Suratul Ƙasas, aya ta 76, Allah Ya ba da labarin Ƙaruna, mutumin nan na jama'ar Annabi Musa, wanda taskokinsa suka yi yawa har mabuɗansu kaɗai sukan nauyaya wa taron ƙarfafan maza. A wannan zamani kuwa an wayi gari mabuɗin dukiya mai ɗimbin yawa bai wuce kalmomi 24 ba, waɗanda bayan ambulan ɗaya zai ishe su. Nauyin ƙarfe ya tafi, amma nauyin da ke wuyan mai riƙon mabuɗin yana nan, har ma ya ƙaru.

Abin da ake nufi shi ne kuɗin nan na intanet da ake kira kirifto, da 'yar na'urar da masu su ke saye domin tsare su. Ya kamata a faɗa tun daga farko cewa malamai sun yi saɓani a kan hukuncin waɗannan kuɗi. Hukumar harkokin addini ta ƙasar Turkiyya ta ce a cikin 2017 mu'amala da su ba ta dace ba, gidan fatawa na Masar ya haramta cinikinsu ba da jimawa ba bayan haka, majalisar malamai ta Indunusiya kuma ta hana a yi amfani da su a matsayin kuɗi a cikin 2021. A ɗaya ɓangaren, majalisar Shari'a ta hukumar kula da hannun jari ta Malesiya ta halatta cinikinsu a kasuwannin da aka yi wa rajista a cikin 2020. Wannan saɓani yana da nasa fili, ba shi ne abin tattaunawar wannan mako ba. Abin da ke gaban jama'a shi ne mutane da dama, har a Nijeriya, sun riga sun zuba guminsu a ciki. Babban Bankin Nijeriya ya hana bankuna hulɗa da masu wannan sana'a a watan Fabrairu na 2021, ya kuma janye hanin a watan Disamba na 2023. Ko malamin da ke ganin haramcin abin ba zai ce a bar haƙƙin maraya ko na mai bin bashi ya salwanta a cikinsa ba.

Tambayar ita ce: shin ya halatta mutum ya kulle dukiyarsa kullewar da babu mai iya buɗewa sai shi kaɗai, alhali kuwa ya san mutuwa ba ta yin sallama?

YADDA ABIN YAKE

A ranar 31 ga Oktoba 2008 wani wanda ya kira kansa Satoshi Nakamoto ya fitar da 'yar takarda mai shafi tara yana bayyana tsarin kuɗin da ya sa wa suna Bitcoin, a watan Janairu na 2009 kuma aka soma aiki da shi. A cikin wannan tsari babu banki a tsakanin mai biya da mai karɓa. Abin da ke akwai shi ne wani babban kundin lissafi wanda dubban kwamfutoci a faɗin duniya ke riƙe da kwafinsa, ana rubuta kowace shiga da fita a cikinsa. Wannan kundi bai san sunan kowa ba, bai san fuskar kowa ba, abin da ya sani kawai shi ne sa hannun da aka yi da mabuɗin sirri, watau wata doguwar lamba da ba ta da na biyu. Duk wanda ya zo da mabuɗin shi ne mai dukiya a wurin kundin, ko da kuwa ɓarawo ne. Duk wanda ya rasa shi baƙo ne, ko da shi ya yi gumin tara ta. In kuma an tura kuɗi, to, sun tafi ke nan, babu akawu ko manaja da zai dawo da su.

Mutane da yawa sukan bar mabuɗansu a hannun kamfanonin canji, kamar yadda ake barin kuɗi a banki, kuma an sha jin jiki a kan haka. A watan Fabrairu na 2014 kamfanin Mt. Gox na birnin Tokiyo ya durƙushe, ya ce Bitcoin kimanin 850,000 sun ɓace, daga baya aka gano 200,000 daga ciki. A watan Nuwamba na 2022 kamfanin FTX ya bi sahu, bayan an karkatar da ajiyar jama'a zuwa wasu harkoki, kuma a watan Maris na 2024 wata kotu a Amurka ta yanke wa shugabansa ɗaurin shekara 25. Irin wannan ne ya sa masu kaffa-kaffa suka gwammace su riƙe mabuɗansu da kansu. To, amma waya da kwamfuta kullum a haɗe suke da intanet, ɓarawon da ke wata nahiya yana iya kutsowa cikinsu. Saboda haka aka ƙera na'ura ta musamman, wadda za a iya kira lalitar mabuɗi. Kamfanin SatoshiLabs na birnin Prague a ƙasar Cek ya fara sayar da tasa mai suna Trezor a cikin 2014, a wannan shekara kuma aka kafa kamfanin Ledger a Faransa.

Girman wannan lalita bai wuce mabuɗin mota ba, kuma kuɗin ba a cikinta suke ba, suna can a cikin kundin. Mabuɗin ne ke cikinta, ba ya kuwa fita. In mai ita zai yi biya, sai ya haɗa ta da waya ko kwamfuta, ita ta sa hannu a cikin kanta bayan ya duba adireshin da adadin a kan ɗan allonta ya danna amincewa. Ranar da aka fara kunna ta kuma takan zaɓi kalmomi, galibi 12 ko 24, daga cikin jerin kalmomi 2,048 da aka tsara tun 2013, ta nuna su ga mai ita domin ya rubuta. Waɗannan kalmomi su ne uwar mabuɗin. In na'urar ta faɗa rijiya ko ta ƙone, sai a sayo wata a shigar da kalmomin bisa jerinsu, dukiya ta dawo. Ba a samunsu ta hanyar canki-canki, domin yawan hanyoyin da za a iya jera 24 ɗin nan adadi ne mai lambobi 78.

ƊAURE RAƘUMI

Musulunci bai san dogaro ga Allah da ke tafiya tare da sakaci ba. Imamu Tirmizi ya ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa wani mutum ya tambayi Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa sa'an nan ya yi tawakkali, ko kuwa ya sake ta ya yi tawakkali, sai aka umarce shi da ya ɗaure ta tukuna. Wanda ya ɗauki wannan hanya ta ajiya yana da nasa igiyoyin, kuma masana sun yi ittifaƙi a kansu.

Ta farko, a sayi na'urar daga kamfanin da ya ƙera ta ko daga wakilinsa sananne, kada a sayi kwance, kada kuma a karɓi wadda ta zo da kalmomi a rubuce a cikin kwalinta, domin wanda ya rubuta su yana da kwafi. Ta biyu, a sa mata lambar sirri mai wuyar ganewa. Na'urar Ledger takan share abin da ke cikinta in an yi kuskuren lambar sau 3 a jere, ta Trezor kuwa takan ninka lokacin jira bayan kowane kuskure, ta share kanta a na 16. Ta uku, a rubuta kalmomin da hannu a wurin da babu idon kowa, kada a ɗauki hotonsu, kada a ajiye su a waya, kada a tura su ta WhatsApp ko da zuwa ga kai ne. Tun da takarda abincin gara ce, kuma ba ta jure gobara ko ambaliya, masu hangen nesa sukan buga kalmomin a kan farantin ƙarfe. Ta huɗu, a fara tura ɗan abu kaɗan, a gwada maido da shi ta hanyar kalmomin, sai an tabbatar sa'an nan a tura sauran. Ta biyar, duk wanda ya nemi a faɗa masa kalmomin, ko ta waya ko ta wasiƙa, ko da ya ce daga kamfanin yake, to, ɓarawo ne, domin kamfanin ba ya bukatarsu.

Akwai kuma igiyar harshe. Annabi Yakubu ya gargaɗi ɗansa Yusufu da kada ya ba 'yan'uwansa labarin mafarkinsa, kamar yadda ya zo a aya ta 5 ta Suratu Yusuf, wannan kuwa ya nuna ɓoye ni'ima ga wanda ake tsoron sharrinsa ba rowa ba ce. A cikin babin ajiya na Muktasar, Shehu Halilu ya lissafa abubuwan da ke sa mai riƙon ajiya ya biya in ta salwanta, daga ciki har da sa wa akwati kwaɗo bayan mai kaya ya hana, masu sharhi suka ce dalili shi ne kwaɗon yakan jawo hankalin ɓarawo. Zamani ya gaskata wannan hikima. A cikin 2020 aka sace bayanan masu cinikin kamfanin Ledger, aka watsa sunaye da adireshi da lambobin waya na mutane kimanin 272,000. Ba a taɓa mabuɗin kowa ba, amma ɓarayi sun san gidajen da za su ƙwanƙwasa, har a cikin 2021 aka riƙa aika wa wasunsu na'urorin jabu ta gidan waya. A watan Janairu na 2025 kuma aka sace ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin a Faransa, aka yanke masa yatsa ana neman fansa, kafin jami'an tsaro su kuɓutar da shi. Mai yawan tallan abin da ya mallaka shi ke kai kansa mahallaka.

Har zuwa nan babu saɓani tsakanin abin da masana na'ura ke faɗi da abin da Shari'a ke nema, domin kiyaye dukiya yana cikin manyan manufofi biyar da malaman usulu suka ce Shari'a ta zo domin karewa.

IGIYAR DA KE SHAƘE MAI ITA

Sai dai kowace igiya da ta hana ɓarawo tana iya hana mai gida. A garin Newport na yankin Wales a Birtaniya, wani ma'aikacin kwamfuta ya ce a cikin 2013 aka zubar da wani faifan ajiyarsa a shara bisa kuskure, da mabuɗin Bitcoin kimanin 8,000 a ciki. Ya shekara fiye da goma yana roƙon hukumar garin ta bar shi ya tone juji, har a watan Janairu na 2025 babbar kotu ta kori ƙararsa. A cikin 2021 jaridu suka ba da labarin wani a Amurka mai Bitcoin 7,002, wanda ya ɓatar da takardar da ya rubuta kalmar sirrin faifansa. Faifan yana ba da damar gwaji sau 10 ne kawai, ya riga ya yi 8 bai dace ba. Kamfanin Chainalysis mai bin diddigin kundin ya ƙiyasta a cikin 2017 cewa tsakanin Bitcoin miliyan 2.78 da miliyan 3.79 sun riga sun ɓace, alhali duk abin da za a taɓa samu bai wuce miliyan 21 ba.

Mutanen da sukan binne kuɗi a cikin tukunya a ƙarƙashin gado ko a gindin bishiya, kuma ba sau ɗaya ba tsoho ya cika bai faɗi wurin ba. Amma tukunya tana iya fitowa wata rana a bakin fartanya, wani ya amfana. Wannan kuwa ta fi tukunya muni, domin kowa yana iya ganin dukiyar a rubuce a cikin kundin, magada su san adadinta, su ga darajarta tana hawa da sauka, babu mai iya taɓa ƙwandala daga ciki har abada. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Mugira ɗan Shu'uba cewa tozarta dukiya yana cikin abubuwa uku da Allah Yake ƙi ga bayinSa. Ba almubazzari kaɗai ke tozarta dukiya ba. Wanda ya kulle ta ya tafi da mabuɗin ya tozarta ta fiye da shi, domin abin da almubazzari ya watsar yana faɗawa hannun wasu.

Mantuwa tana iya samun mutum, tana iya kuma ta ƙyale shi. Mutuwa kuwa ba ta ƙyale kowa. A watan Disamba na 2018 shugaban kamfanin canji na QuadrigaCX na ƙasar Kanada, Gerald Cotten, ya mutu a Indiya yana da shekara 30, kamfanin ya ce shi kaɗai ya san mabuɗan ajiyar jama'a. Da masu bincike suka bi sawu sai suka tarar rumbunan wayam suke tun kafin mutuwarsa, a cikin 2020 kuma hukumar hannun jari ta lardin Ontario ta bayyana cewa zamba ce ya riƙa yi, mutane kimanin 76,000 suka yi asara. Darasin biyu ne a cikin labari ɗaya. Inda mutum ɗaya tak ya riƙe mabuɗi, ba a iya bincikensa yana raye, ba a kuma iya ceto kome bayan ya mutu.

HAƘƘIN DA KE SAUKA DA FITAR RAI

A Shari'a, da zarar rai ya fita, abin da mutum ya bari ya daina zama nasa. Za a fitar da kuɗin jana'izarsa, sa'an nan a biya basussukansa, sa'an nan a zartar da wasiyyarsa a cikin sulusi, sauran kuma a raba wa magada bisa kason da Allah da kanSa Ya yanka a ayoyi na 11 da 12 da 176 na Suratun Nisa'i. Wanda ya shirya al'amarinsa ta yadda mabuɗi zai bi shi kabari, ya soke wannan rabo gaba ɗaya ba tare da ya buɗe baki ba. Shari'a ba ta yarda mutum ya yi wasiyya da fiye da sulusi ba, ko da ga masallaci ne, kamar yadda Manzon Allah ya hana Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, ya kuma nuna masa cewa barin magada cikin wadata ya fi barinsu suna roƙon mutane. In an hana ba da kashi biyu bisa uku ga aikin alheri domin kare magada, to, ina hukuncin wanda ya jefa dukan dukiyar a rijiyar da ba ta da ƙasa?

Abin ya fi tsanani in akwai haƙƙin wasu a ciki. Sau da yawa wanda ya iya na'ura a cikin dangi shi ake tara wa kuɗi: yayarsa ta ba shi, abokin kasuwancinsa ya ba shi, maƙwabci ya ba shi, duk a lalita ɗaya. Malaman Malikiyya sun ce in mai riƙon ajiya ya mutu bai yi bayaninta ba, ba a kuma same ta ba, to, za a ɗauke ta daga abin da ya bari. Watau shirunsa yana iya cinye gidan da 'ya'yansa ke kwana a ciki. Saboda irin wannan ne hadisin Abdullahi ɗan Umar da ke cikin Bukhari da Muslim ya nuna bai kamata Musulmin da ke da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa a rubuce ba. Malamai sun ce wasiyya mustahabbi ce a asalinta, amma takan zama wajibi a kan wanda ke da bashi ko ajiya da za su ɓace in bai faɗa ba. Haka nan zakka, ga malaman da suka ɗauki waɗannan kuɗi a matsayin dukiya, tana hawa kansu in sun kai nisabi, watau kimar zinariya giram 85, shekara kuma ta zagayo, a fitar da ɗaya bisa arba'in. Lalitar tana ɓoye dukiya ga idon mutane, ba ta ɓoye ta ga wanda Ya wajabta zakkar.

Magabata sun bar misali. A daren hijira Manzon Allah ya bar Aliyu ɗan Abi Ɗalib a Makka domin ya mayar wa mutane ajiyarsu, alhali masu ajiyar suna cikin mutanen da suka ƙaryata shi. Bukhari kuma ya kawo labarin Zubairu ɗan Awwam, wanda in aka kawo masa ajiya yakan ce a mai da ita rance, domin yana tsoron kada ta salwanta mai ita ya yi asara. A ranar yaƙin Raƙumi, shekara ta 36 bayan hijira, ya kira ɗansa Abdullahi ya yi masa wasiyya da biyan bashinsa. Abdullahi ya biya, sa'an nan ya ƙi raba gado sai da ya shekara huɗu yana shela a lokacin aikin Hajji ko akwai sauran mai bin mahaifinsa.

MASU JA DA HUJJOJINSU

Wani zai ce dukiyarsa ce, yadda ya ga dama haka zai yi da ita. Amsa ita ce aya ta 7 ta Suratul Hadid ta siffanta mutane a matsayin wakilai a kan abin da ke hannunsu, wakili kuwa ba ya ƙona kayan da aka ba shi riƙo ranar da zai sauka.

Wani zai ce ai ba asara ba ce ga duniya, domin Satoshi da kansa ya taɓa rubutawa a cikin 2010 cewa kuɗin da suka ɓace suna ɗan ƙara darajar na sauran mutane, a ɗauke su tamkar kyauta ga kowa. Wannan lissafin kasuwa ne. Sadaka tana bukatar niyya, tana kuma bukatar abin ya zama na mai bayarwa. Ba a yin kyauta da rabon maraya, balle a yi ta ga attajiran da ba su san da shi ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta mai cewa ya gudo ne daga cin amanar banki da kamfani, in ya ba wani kalmomin nan ya koma gidan jiya, domin mai kalmomin yana iya kwashe kome cikin minti ɗaya ba tare da barin sawu ba. Wannan tsoro gaskiya ne, an kuwa ga ɗa ya cuci uba, amini ya cuci amini. Amma a nan ne mutum ke cin karo da iyakar na'ura. An ƙera ta ne domin a rage dogaro ga mutane, ta kuwa yi wannan aiki muddin mai ita yana numfashi. Ba ta san ranar da ya mutu ba, ba ta san matansa nawa ba, ba ta iya lissafin tumuni ko sudusi. Wanda ya guje wa dukan mutane dole a ƙarshe ya dawo ya zaɓi wasu daga cikinsu. Shari'a ta san zuciyar ɗan Adam, shi ya sa ba ta ce a yarda da kowa ido rufe ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, aya ta 106 ta Suratul Ma'ida kuma ta nemi adalai biyu su shaidi wasiyya. Maganin rashin amana shi ne a tsare amana da rubutu da shaidu, a kuma raba iko.

HANYAR TSAKIYA

Akwai bambanci tsakanin sanin cewa dukiya tana nan da ikon taɓa ta. Na farko haƙƙin iyali ne tun mutum yana raye, na biyu kuwa ana iya jinkirta shi. Mai hankali zai rubuta a cikin wasiyyarsa cewa yana da irin wannan ajiya, ya bayyana nawa ne nasa nawa ne na mutane, da sunan kowa, ya ambaci wanda za a nema ranar da ta faru. Ba zai rubuta kalmomin a cikin wasiyyar ba, domin ana karanta ta ne a gaban jama'a.

Game da kalmomin kansu, fasahar ta tanadi abin da ya yi kama da shaidu. Akwai tsarin da wani masanin lissafi, Adi Shamir, ya fitar a cikin 1979, wanda ake raba sirri kashi-kashi, alal misali uku, ta yadda ɗaya shi kaɗai ba ya buɗe kome, sai biyu sun haɗu, kuma wasu na'urori irin su Trezor suna aiki da shi. Akwai kuma ajiyar da ake ɗaure ta da mabuɗai uku dabam-dabam, kuɗi ba su fita sai biyu sun sa hannu. Mutum na iya riƙe ɗaya, ya ba wani adali na biyu, ya ajiye na uku inda wasiyyinsa zai same shi. Ta haka babu mai iya cutarsa shi kaɗai, mutuwar ɗaya kuma ba ta halaka dukiyar. Wanda ya ƙara wa kalmominsa wata kalmar sirri ta daban, kamar yadda wasu ke yi domin ƙarin tsaro, ya sani in ba a same ta ba sauran 24 ɗin ba za su kai magada ga ajiyar ba, saboda haka ita ma a yi mata tanadi. Ya kamata kuma a bar bayani cikin harshe mai sauƙi, domin matar da aka bari da takaba, ba ta taɓa ganin irin wannan na'ura ba, ita ce farkon wadda mazambata za su zo wa da sunan taimako. A riƙa duba wannan shiri kowace shekara, lokacin fitar da zakka ya dace da haka, tun da amini ma yana mutuwa, ko ya ƙaura, ko halinsa ya canja.

A cikin Suratul Kahfi, aya ta 82, an ba da labarin garun da bawan Allah Haliru ya tayar a gaban Annabi Musa, domin a ƙarƙashinsa akwai taskar wasu marayu biyu, mahaifinsu kuwa mutumin kirki ne, Allah Ya nufi su girma su fitar da abinsu da kansu. A ɓoye taskar take, an kuma gina mata garu, amma an ɓoye ta ne domin ta isa hannun masu ita a lokacin da ya dace. Wannan shi ne ma'aunin kowace ajiya. Wanda ya kulle dukiya domin ta tsira daga ɓarawo ta kai ga mai haƙƙi ya ɗaure raƙumarsa kamar yadda aka umarce shi. Wanda kuwa ya kulle ta har mai haƙƙin ya rasa ƙofa, zai tsaya ranar hisabi a tambaye shi dukiyar da shi bai ci ba, bai kuma bar marayunsa sun ci ba.

Allah Ya ba Musulmi ikon riƙon amana a ɓoye da bayyane, Ya tsare dukiyar marayu da ta raunana, Ya sa kowane bawa ya cika babu haƙƙin kowa a wuyansa. Amin.